Saɓo ba daga "sabbu" ya fito ba

Malam, ka tambaya ko kalmar saɓo daga Larabci muka aro ta, tunda a nan Sudan kullum kana jin ana cewa wane ya yi "sabbud-din", wato zagin addini. Kama ce kawai ta kunne. Ni da na daɗe ina karantar da yaranmu a Gadarif, wannan ruɗanin na sha cin karo da shi, har a bakin manya.

Saɓo tamu ce, daga saɓa. Kamar yadda za ka ce mun saɓa hanya, ko ya saɓa alkawari, haka ake cewa ya saɓa wa Allah. Duba ma harafin ɓ ɗin nan, Larabci ba shi da shi. Shi ya sa saɓo yake da faɗi: mai shan giya, mai cin riba, mai barin salla, duk masu saɓo ne, ko da bakinsu bai taɓa furta mummunar kalma a kan addini ba.

Sabbu kuwa zagi ne tsantsa. Ita ce a Suratul An'am, aya ta 108, inda aka hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah. Kashi na huɗu na Ashafa, littafin Alƙali Iyad, a kan hukuncin wanda ya zagi Annabi (SAW) ko ya tauye darajarsa yake magana. Hausar wannan ita ce ɓatanci, daga ɓata, ko izgili idan da raini da ba'a a ciki.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu da suka tashi cikin Larabawa sun haɗe ɓatanci da ridda wuri ɗaya. Direban rakasha, wato babur mai ƙafa uku, ya fusata a kasuwa ya zagi addinin abokin faɗansa, sai yaro ya dawo gida ya ce "ya yi ridda". Ko dokar ƙasar ta 1991 ba ta haɗa su ba. Sashe na 125 na cin mutuncin addini ne, da shi aka hukunta wata baturiyar malama a Khartum a 2007 kan sunan da ɗalibanta suka sa wa 'yar tsana. Ridda tana sashe na 126, wanda aka soke a 2020.

Kalmar zindiƙi kuma ko Larabawa aro suka yi daga Farisanci, zamanin Abbasiyawa ana jifan mabiya wani addini da Mani ya kafa da ita.