Guduma ba ta hawa bencina

Wato tambayarka ita ce, tunda layin injin matsi, wanda muke danna boris ɗin fanka da shi, ya yi tsawo, me zai hana ka ɗauki guduma ka ɗan bubbuga boris ɗin ya shiga, ai duk shiga ce. Sa wayar nan a aljihu tukuna. Ba na magana da ƙeyar mutum.

Ɗauko boris ɗaya. Wannan 6202 ne, raminsa milimita 15, ƙaninsa 6201 kuma 12, su ne a yawancin fankar sama da muke haɗawa. Zobe biyu ne, na ciki da na waje, ƙwallaye a tsakani. Zoben da ake son ya zauna, shi ake dannawa. In a kan sandar tsakiyar fanka za ka sa, na ciki; in a cikin murfi, na waje. Ka daki wanda ba shi ba, ƙarfin dukan ta cikin ƙwallayen zai bi, kowace ta bar ɗan rami a hanyarta. Ido ba ya gani. Goge giris da jera wosha kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma tallan ruwa.

Ni wannan ramin da ido ba ya gani, babur ɗina ya ci.

Lokacin ina shugaban benci a wata masana'anta a Sharaɗa da ke Kano, yara shida a ƙarƙashina. Zafi ya kunno kai, azumi ya matso, wani dila daga kasuwar Sabon Gari ya ba da odar fanka 300 mai inci 56. Mutumin kullum yana bakin ƙofa da carbi a hannu, yana cewa in mako ya cika bai ga kaya ba zai kai kuɗinsa masana'antun Bompai. Rana ta uku haƙorin injin matsinmu ya karye. Na ce a jira mai walda. Manaja ya ce ba lokaci. Dilan da kansa ya shigo har benci, abin da doka ta hana, ya ce shi a shagonsa yaransa da guduma suke canza boris kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da kaya.

Zan gaya maka gaskiya, ko da ba daɗi: ni na yarda. Na yanko guntun bututu daidai faɗin zoben ciki, na nuna wa yaran yadda za su ɗora shi su daka a hankali. Da hannuna na yi ashirin, babu wadda ta yi ko tari. Sai aka kira ni sito ƙirgar kafasita. Kafin in dawo sun jefar da bututun, wai yana rage musu sauri, suna ta dukan boris kai tsaye kamar masu fasa dutse. Kuɗin aiki a kan kowace fanka ake biya, ka gane.

Mun gwada su duka. Sun juya, iska ƙasa take yi, ba rawa. Amma wa zai ji ƙaramin gurnani a ɗakin da janareto ke ruri? Fanka sai ta shiga ɗakin kwana, dare ya raba, sannan take faɗin abin da aka yi mata. Ba a yi sallah ba kaya suka fara dawowa.

A nan ne mutumin ya nuna halinsa. Ya turo a-kori-kura biyu cike, ya ce 210 sun lalace. Ni kuwa kowace fanka da ta bar bencina ina ɗiga mata jan fenti a cikin murfi, al'adata ce tun ina yaron wani. Na kwana biyu ina kwancewa. 140 ne masu ɗigona. Sauran 70 tsofaffin kayan shagonsa ne, wasu kwayil ya ƙone har yana wari, wasu ma ba ƙirarmu ba ce, ya dai tura su cikin kwalayenmu. Na jera wa manaja su a ƙasa, murfi a buɗe. Ya duba, ya kau da kai, ya ce babban kwastoma ne, ba a jayayya da shi. Aka ba shi sababbi 210. Aka yanki albashina wata huɗu. Yaran da suka yi dukan, biyu sun gudu tun ranar farko. A shekarar nake shirin kayan ɗakin babbar 'yata, dole na sayar da babur, na koma hawan haya daga Ɗorayi. Shi kuwa dilan a shekarar ya je Makka. Har yau in na ratsa layinsu yana ɗaga mini hannu, Malam an kwana biyu. Ina amsawa, don musulunci ya ce a amsa sallama.

Ku yaran yanzu kun ga bidiyo na minti ɗaya a TikTok, wani ya buga boris da dutse fanka ta tashi, shi ke nan kun zama injiniyoyi. Wanda ya ɗauki hoton zai dawo bayan wata biyu ya nuna maka? Mu shekara guda muka yi muna ware fuka-fukai uku-uku bisa nauyi kafin a bar mu mu taɓa sanda. Kai watanka nawa a nan, biyar? Har ka fara gyara mini tsari.

In layi ya yi tsawo, ka jera murafenka, ka duba wayoyin kafasita, ka jira. In ka haɗa fanka, kafin ta shiga kwali, ka rataye ta, ka kunna ta, ka ɗora bakin sukundireba a kan sandar ratayar, ka kara ƙotar a kunnenka. Lafiyayyen boris shuu yake yi, sumul. Wanda aka daka za ka ji kamar tsakuwa a cikin shinkafa.

Gudumar da na gani a ƙarƙashin bencinka jiya, mai baƙar ƙota, ka mayar wa mai gadi abarsa. Kuma fanka takwas ɗin da ka haɗa bayan azahar, kwanto mini su nan, ina son in ji su da kunnena.