Tambayoyinku: Masu Riƙon Tsohuwar Golf 2

Wasiƙu huɗu cikin waɗanda suka iso teburina wannan watan duk a kan Golf 2 suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambaya a kan Starlet da Peugeot 205 ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya rasu ya bar mini Golf 2 ƙirar 1988, mai injin 1.8 da kafireta, kuma ba na son rabuwa da ita. Damuwata shan mai. Sulo kullum a sama yake, da safe salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Bakanikena ya ce injin ya gaji, a sauke shi a ɗora na Golf 3. Ba ta tafasa dai, don tun Baba na da rai aka cire tamostat aka haɗa fanka kai tsaye. Me za ka ba ni shawara? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Ciwon motarka yana cikin maganar da ka kawo a ƙarshe a matsayin abin yabo: an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye.

An ƙera injin nan ne ya yi aiki da ruwa mai zafin kusan digiri 90. Tamostat ke tsare ruwan a cikin injin har ya kai wajen 87, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Fanka kuma tana da nata makunnin da aka ɗaure a jikin lagireto, ba ta tashi sai ruwa ya kai wajen 95. Kai kuwa babu mai tsare ruwa, fanka na juyawa tun daga murɗa makulli. A hunturun Zariya sai ka je makaranta ka dawo allurar zafi ba ta ɗaga ba.

Kafiretar da kamfanin Volkswagen ya ɗora wa masu 1.6 da 1.8 na wancan zamani, Pierburg 2E2, ba ta da cok na hannu. Da zafin ruwan injin take gane an ɗumama. A gefenta akwai wani ɗan kwanso mai kaki a ciki. Ruwan zafi na ratsa shi, kakin ya kumbura, ya tura wata 'yar sanda, sai sulo ya sauko. Murfin cok ɗin ma akwai tiyon ruwa a jikinsa. Idan ruwa bai yi zafi ba, ita a wurinta har yanzu asuba ce, sai ta yi ta zuba mai har la'asar. Daga nan sulonka ya hau, daga nan baƙin hayaƙin yake. Zaro sandar auna baƙin mai ka shinshina. In ka ji warin fetur, to rarar man da bai ƙone ba na gangarowa ta jikin silinda, yana wanke maiƙon da rin ɗin fistan ke gudu a kai. Haka ake gajiyar da injin da lafiyarsa lau.

Na san yadda ake kaiwa ga cire tamostat. Mota ta tafasa a cunkoso cikin zafin Afrilu, mai ita na sauri, bakanike ya zare shi ya jefar, ya ja waya daga fanka, aka sallami juna. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, don abin da ya sa ta tafasa yana nan ba a taɓa shi ba. Galibi lagireto ne ya toshe da dattin ruwan rijiya, ko makunnin fanka ya mutu, ko murfin robar ruwa ya daina riƙe matsi. Saboda haka daga nan za ka fara. A wanke lagireto, in ya ruɓe a canja. A sa sabon tamostat. Yana ƙarƙashin famfon ruwa, kusoshi biyu ke riƙe da murfinsa. Kafin a ɗaura, jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta ka ga ya buɗe da idonka gab da tafasa, don jabu sun yi yawa a kasuwa. A mayar da fanka kan makunninta. A zuba ruwan sanyaya inji irin G11, a gauraya shi da tataccen ruwa, ba na famfo ko na burtsatse ba.

Ka kuma bi tiyo-tiyon ruwa da hannunka ɗaya bayan ɗaya. Yawancin Golf 2 da ke yawo a garuruwanmu an daɗe da yanke musu hita, don ƙaramin lagireton da ke bayan dashbod yakan fashe ya jiƙa ƙafar mutum da ruwan zafi. Wajen wannan yankan ne ake haɗawa da tiyon da ke kai ruwa kafireta a toshe da kusa ko guntun fulogi. In an yi wa taka haka, ko tamostat goma ka sa sulo ba zai sauko ba.

Saura abu ɗaya da minti biyu ya ishe shi. Kafiretar na zaune ne a kan wata roba mai kauri. Ka tada mota, ka kama kafiretar ka girgiza a hankali. In ƙarar injin ta canja, robar ta tsage tana shan iska, sai sabuwa. Ƙananan tiyon iska da ke kewaye da ita su ma a duba, su ne suka fi sa kanikawa tsanar 2E2. Idan an riga an jagwalgwala ta har ba ta gyaruwa, masu son motar nan a Turai Weber 32/34 DMTL suke sawa a madadinta, mai cok na hannu, kuma ni ma ita zan zaɓa.

Bayan duk wannan, a sa ma'aunin matsi a ramin fulogi huɗun. In kowanne ya nuna matsin wajen bar 10 kuma sun yi kusa da juna, injinka lafiya ƙalau, a yi juye kawai a canja fulogi. In ba ka san ranar da aka canja tayimin bel ba, canja shi yanzu tare da abin ɗame shi. Kayan ba za su yi maka wuya ba: an ƙera Golf 2 sama da miliyan 6 tsakanin 1983 da 1992, kuma dangin injin nan sun zarce har cikin Golf 3, shi ya sa da wuya ka nemi abu a Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ka rasa.

Tambaya: Barka da aiki, Baba. Na sayi Golf 2 mai ƙofa biyu, ina so in mai da ita abin kallo. Zan yanke sifirin ta kwanta, in sa rim 17, in buɗe salansa, in ɗora injin VR6. Wanne zan fara? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Barka kadai, ɗana. Cikin huɗun nan babu wanda za ka fara da shi. Birki za ka fara, sannan bushin, boljoyin, tayarod da shakazoba. Motar da ta haura shekara 30 duk robobin ƙarƙashinta sun bushe, musamman manyan bushin biyu na ƙarfen baya, waɗanda in suka mutu za ka ji gindin motar na lilo a kwana. Man birki DOT 4 kuma duk shekara 2 ake zubar da shi a sa sabo, don yana shan danshi. Na tabbata naka ya koma kalar shayi.

Yanke sifirin ban yarda da shi ba ko kaɗan. Yankakken sifirin ba ya zama daidai a mazauninsa, yana kashe shakazoba, kuma kaskon baƙin man motar nan dama can kusa da ƙasa yake. Ka tuna tudun rage gudu nawa ne tsakanin gidanku da makaranta. Ɗaya ya ishe shi ya huda kaskon, mai ya tsiyaye, injin ya buga. In lallai sai ta sunkuya, akwai sifirin da aka ƙera don haka, masu sauke ta santimita 3 zuwa 4, a haɗa su da shakazoban da suka dace.

Galibi da rim 13 ko 14 ta fito daga kamfani, mai rami huɗu, 4x100. GTI, wato samfurinta mai gudu, tana kan taya 185/60 R14. Rim 15 iyaka ne a ganina, kuma ya fi yi mata kyau. A kan 17 tayar sai ta zama siririya, ramin farko ya lanƙwasa rim, sitiyari ya yi nauyi, motar ta rage kuzari. Ka lura kuma rim ɗin Golf 3 GTI da VR6 rami biyar ne, ba za su shiga ba.

VR6 na shiga, an sha yi. Silinda shida, lita 2.8, ƙarfin doki 174. Amma yana da nauyi, sai an canja giyabos, kuloci ya koma na mai, a sake wayoyi, a sake birki, kuma in ba gwani ya yi ba sai ta riƙa cije hanci ta miƙe a kwana. Ga shan mai, kai kuma ɗalibi. GTI ta asali doki 112 gare ta, mai bawul 16 kuma 139, amma har yau ana yabonta saboda nauyinta wajen tan ɗaya ne kawai. In naka injin ya mutu da gaske, ɗan Beljiyam na Golf 3 mai lita 2.0 da bawul 8, doki 115, shi ne mai sauƙin zama da sauƙin kaya. In kana da hali, injin Golf 3 da ake kira ABF, mai bawul 16, doki 150. Shi wannan in bel ya tsinke bawuloli yake lanƙwasawa, don haka ba a yi masa ganganci. Kowanne ka ɗora, faifan birkin gaba ya tashi daga milimita 239 zuwa 256, ka kuma je ofishin lasisi a gyara lambar injin a takardunka. Salansa kuwa, ka tausaya wa maƙwabta masu jarirai.

Tambaya: Malam, ni ce ke tuƙa Golf 2 ɗin gidanmu. Da damina sai in tarar da ruwa a ƙarƙashin ƙafata, wani lokacin waifa ko fitila su ƙi aiki. Rewaya ya canja fis ya gaji. Daga wata ma'aikaciyar jinya a Jos.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ba aikin rewaya ba ne tukuna. Ki sa a buɗe bonet a ɗaga robar da ke gindin gilashin gaba. Akwai kwalbatin da ruwan sama ke taruwa, da ramukan fita a gefe da gefe. Ganye da ƙurar hunturu kan toshe su su zama laka, sai ruwa ya cika ya tsallaka ciki, akwatin fis kuma yana nan ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. A kwashe lakar, a zuba bokitin ruwa ki ga yana fita ta bayan tayar gaba. In har yanzu yana shiga, a duba robar gilashi da ledar da ke cikin ƙofa, wadda masu gyaran gilashi kan yage su ƙi mayarwa. Sai an tsayar da ruwan sannan rewaya ya ciro akwatin ya goge koren tsatsar da ke bayansa.

A ɗaga kafet a shanya, kada a bar shi ya bushe a wurin, don soson da ke ƙasa yana riƙe ruwa makonni. Tunda an ɗaga, fanel bita ya ƙwanƙwasa daɓen motar, da mazaunin batir, da bakin tankin mai, da wuraren sa jak. Inda ya huje a yanke a yi walda. Kada ki yarda a cika da bodi-fila a shafa fenti.

Tambaya: Giya ta biyar na fita da kanta a kan hanya, kuma tana kuka. Sai sabon giyabos? Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

Amsa: Alhaji, a duba man giya yau, kafin tafiya ta gaba. Giyabos ɗin motar nan, wanda ake kira 020, wajen lita 2 yake ci, kuma giya ta biyar tana can ƙarshe a sama, ita ke fara bushewa in mai ya ragu. A nemo inda yake yoyo, yawanci sil ɗin bakin shaf ne, a zuba 75W-90 mai alamar GL-4. A canja ƙananan robobin sandunan giya, ba su da tsada. In kukan bai daina ba, biyar ɗin ta ci, amma ana cire murfin gefe a canja ta ba tare da an sauke giyabos ba. Kafin nan ka tsaya a ta huɗu.