Tafiya Jamaika: me zan yi wa wayata kafin in tashi?

Tambaya: Malam, ofishinmu zai tura ni taro a Kingston, babban birnin Jamaika, na sati biyu. Cajar wayata da ta laftof za su yi aiki a can? Kuma ya zan yi da layina?

Amsa: Allah ya kai ka lafiya, ɗan'uwa. Wutar gidaje a Jamaika volt 110 ce, tamu kuwa wajen 230. Ɗauki cajarka ka juya bayanta, za ka ga wani ɗan ƙaramin rubutu. In an rubuta 100–240V, to kwantar da hankalinka, za ta karɓi wutar can, kuma yawancin cajojin waya da laftof haka suke. Matsalar tana wajen soket. Nasu irin na Amurka ne, ramuka biyu sirara a tsaye, wani da ƙarin zagayayyen rami a ƙasa, don haka fulogin mai ƙafa uku da muka saba da shi ba zai shiga ba. Sayi adafta tun daga gida, ka haɗa da ekstenshin ɗaya, sai ka jona duk kayanka a kai. Amma adafta ba ta canza ƙarfin wuta. Dutsen guga ko hita da aka rubuta 220–240V kaɗai, bar su a gida, da ƙyar za su yi zafi.

Batun layi shi ne inda nake so ka fi natsuwa. Kada ka cire layinka na gida ka jefa a jaka. Shi bankinka ya sani, ta kansa zai turo lambar tabbatarwa in za ka biya kuɗi. Tun kana nan ka sa kamfanin layinka ya buɗe maka romin, wato damar samun sabis a ƙasar waje, sannan ka kashe data a kan layin, domin kuɗinta a waje yana cinye kati nan take. Don shiga intanet, manyan kamfanonin can biyu ne, Digicel da Flow. Riƙe fasfo ka sayi layin ɗaya daga cikinsu ka sa a ɗayan ramin layi na wayarka. In WhatsApp ya tambaye ka ko za ka canza lamba, ce a'a, tsohuwar lambar za ta ci gaba da aiki. Abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai: 4G ɗinsu na tafiya ne a kan zangon irin na nahiyar Amurka, kuma ba duk wayoyin da ake sayarwa a kasuwanninmu ke kama shi ba. Sa su gwada layin a wayarka a gabanka kafin ka biya.

Lambobin can na farawa da +1 876 ko +1 658. Na 'yan sanda 119, motar asibiti da 'yan kwana-kwana 110. Ajiye su tun yanzu.

Tambaya: Ni kuma Montego Bay za ni a watan Satumba wajen 'yata. Me zan sauke a waya?

Amsa: Hajiya, da farko akwai fom ɗin shige da fice mai suna C5 da ake cikewa ta intanet kafin sauka. Kyauta ne a shafin gwamnati, duk shafin da ya nemi kuɗi ki fita daga cikinsa. Ki ɗauki hoton shaidar cikewar, kada ki dogara da samun intanet a filin jirgin Sangster na Montego Bay.

Watan da kika zaɓa yana tsakiyar lokacin guguwar teku, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. A Yulin 2024 guguwar Beryl ta bar unguwanni da yawa cikin duhu na tsawon kwanaki. Saboda haka ki sauke taswirar garin a Google Maps yadda za ta buɗe ba data, ki tafi da fawa bank mai kyau. A jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin da za a auna ba.

Najeriya na gaba da Jamaika da awa 6, in kin kira gida bayan la'asar ɗin can, dare ya yi nisa a nan. Ki buɗe wa manhajar lokutan salla damar ganin inda kike don ta gyara kanta. Alƙibla daga can tana gabas maso arewa.