Za a raba wa ɗalibai kwamfuta: me zan duba kafin in sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin kwamitin da aka ɗora wa alhakin duba shirin hukumar ilimi na raba wa kowane ɗalibi kwamfutar hannu. An ba mu takarda mai kauri, an ce mu sa hannu kafin ƙarshen zango. Hankalina bai kwanta ba saboda yawan kuɗin, ga tsoron kada a ce mu muka hana yara ci gaba. Me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kina da gaskiya da kika tsaya, kuma kada gudun surutu ya sa ki sa hannu.

Buɗe takardar ki nemi inda aka rubuta abin da ake so yaro ya iya bayan shekara ɗaya, wanda yau bai iya ba, da yadda za a auna shi. In babu sai adadin na'urori da ranar bikin ƙaddamarwa, to takardar sayayya aka ba ku.

Akwai maganar da nake sha ji, kuma tana ci min rai: wai yaran yanzu da wayo aka haife su, a miƙa musu na'ura kawai, da kansu za su koya. Dillalan kamfanoni ne suka fi yaɗa ta, don ita ke sa a biya su ba tare da an tambaye su sakamako ba. Yaron da ya iya buɗe bidiyo da yatsa ɗaya ba shi ke nan ya fahimci raba lamba ba. An kuma gwada abin da maƙudan kuɗi. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 domin yaran makaranta. Binciken da aka yi a makarantun karkara 319, bayan wata 15, bai ga wani ƙari a lissafi ko harshe ba, duk da cewa yaran sun ƙware da na'urar. A 2013 hukumar ilimi ta Los Angeles a Amurka ta tsunduma shirin raba wa ɗalibai kwamfutar hannu ta iPad na kusan dala biliyan 1.3. Cikin 'yan kwanaki ɗalibai suka tsallake shingen tsaron da aka sa wa na'urorin, darussan da aka saya ba su ma kammala ba, malamai kuma ba su samu isasshen horo ba. A 2014 aka dakatar da kwangilar. Rahoton OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, na 2015 ma ya nuna ƙasashen da suka fi zuba kuɗi a wannan harka ba su ga wani canji na a-zo-a-gani ba a karatu, lissafi da kimiyya. Wanda aka cuta a duk wannan shi ne yaron da ya rasa shekararsa, shi kuwa dillali ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Inda abin ya yi amfani kuwa, kamar gwajin manhajar koyarwa ta Mindspark a birnin Delhi na Indiya, manhajar ce ke gano matakin da kowane yaro yake, ta ba shi aiki daidai ƙarfinsa, ga kuma mai koyarwa a kusa.

Saboda haka ki tambaye su nawa aka ware wa horar da malamai, kuma horon na yini ɗaya ne ko na duk shekara. Wa zai gyara allon da ya fashe, kuma cikin kwana nawa? Kuɗin lasisi, intanet da sauya na'urori in sun tsufa, daga ina za su fito? Bayanan yara a hannun wa za su zauna in kwangila ta ƙare?

Ku nemi a fara da makarantu kaɗan na zango biyu, a yi wa yara gwaji kafin da bayan, a kwatanta su da waɗanda ba a ba su ba, kuma wanda ba shi da alaƙa da kamfanin ne zai yi awon. In suka ce lokaci ya ƙure, ki nemi a rubuta ƙin amincewarki a bayanan taro.