Amsa: Ragowar maganin idonki a idon kyanwa mai gyambo

'Yar'uwa, kin ce kyanwarki na rintse ido ɗaya yana zubar da hawaye, kina tambaya ko za ki ɗiga mata ragowar maganin idonki. Don Allah a'a, domin wannan na iya zama alamar gyambo a saman baƙin ido. Fara duba jikin kwalbar. In akwai dexamethasone ko prednisolone, wato magungunan rage kumburi, ajiye shi. Irin waɗannan suna rage ja, sai ki ɗauka ido ya yi sauƙi, alhali suna hana fatar saman baƙin ido haɗewa, suna ba ƙwayoyin cuta dama har wurin ya narke. Kuma a kyanwa gyambon yakan fito ne daga ƙwayar cutar da ake kira herpes, wadda wannan magani ke tayarwa.

Likitan dabbobi zai ɗiga wani rini, fluorescein, gyambon ya fito kore shar. Maganin kashe ƙwayoyi irin chloramphenicol tsare wurin yake yi, idon ne ke warkar da kansa; gyambo marar zurfi yakan rufe cikin kwana 5 zuwa 7. In likitan ya ba ki atropine, wani maganin ido, don zafi, kada ki tsorata da dalalar yawu, ɗacinsa ne. Ki bar minti 5 tsakanin magani biyu, ki sa mata abin wuya mai kama da mazurari kada ta sosa idon.