Sarƙar Gwal Mai Duwatsu: Dole Ne a Rage Karat?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Jos nake. Ina da tsofaffin awarwaro na gwal 22 da nake so a narkar a ƙera mini sarƙar wuya, a ɗora mata duwatsun topaz da akwamarin da na saya. Maƙerin ya ce sai an mayar da gwal ɗin karat 18. Gaskiya ce ko cuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maƙerinki bai yi ƙarya ba, sai dai ba duka sarƙar ce ke buƙatar ragin ba.

Gwal 22 kashi 916 cikin 1000 zinari ne, 18 kuwa kashi 750, sauran yawanci jan ƙarfe da azurfa. Gaurayen nan shi ke ƙara masa tauri. 'Yan faratan da ke damƙe dutse sirara ne; in na 22 ne, mayafi kawai zai riƙa kama su yana buɗewa, wata rana a wajen biki ki shafa wuya ki ji dutse ya faɗi. Don haka a bar jikin sarƙar a 22, gidan dutsen kaɗai a yi da 18. Za a ɗan ga bambancin launi, 18 bai kai 22 rawaya ba. In hakan bai yi miki ba, a zagaye kowane dutse da bangon gwal 22 mai kauri a danne bakinsa. Ya fi cin gwal, amma ni shi na fi so ga topaz.

Dalili kuwa, topaz, irin wanda ake samu a yankunan haƙar kuza na Filato, taurinsa 8 ne a ma'aunin Mohs (ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10), amma yana da layin tsagewa. Bugu ɗaya a daidai wurin sai ya rabu biyu. Akwamarin ya fi shi jure bugu, sai dai zafi na iya canza masa launi ko ya fasa shi. Shi ya sa ake gama narkarwa, jan waya, haɗa zobba da walda tukuna, dutse ya shiga a ƙarshe. In duwatsun naki ɗanye ne, mai yanka dutse za ki fara kai wa, domin da girmansu ake auna gidan.

Abin da za ki tsaya a kai: a auna awarwaron a gabanki, a sake auna sarƙar kafin a sa duwatsu, a rubuta giram da karat na kowane ɓangare a rasit. Ranar sayarwa, ko a Jos ko kasuwar Wuse, nauyin gwal masu saye ke biya, su cire na dutse.