Amsa kan aikin furodusa a Amurka: misalin Jerry Bruckheimer

Ɗan'uwa, ka tambaya ko furodusa a Amurka shi ne mai zuba kuɗin fim kamar yadda muka saba gani a Kano, da kuma hanyar da mutum ke bi har ya kai wannan matsayi. Na daɗe ina aikin tsara ɗaukar fim a nan gida, inda sau da yawa furodusa kan sayar da fili ko ya ci bashi, kuma shi ne za ka gani a lokeshan yana lissafin kuɗin shinkafar 'yan wasa da man janareto. A can lamarin ya sha bamban, kuma tarihin fitaccen furodusa Jerry Bruckheimer ya isa misali.

An haife shi a Detroit a 1943, ya kuma fara da shirya tallace-tallacen talabijin, aikin da a ganina shi ya koya masa kama hankalin mai kallo cikin 'yan daƙiƙu. Daga baya ya haɗa gwiwa da furodusa Don Simpson suka fitar da finafinan Flashdance a 1983, Beverly Hills Cop a 1984 da Top Gun a 1986, dukkansu da kuɗin kamfanin Paramount.

Yadda aka yi Top Gun shi ne amsar tambayarka. Wani rahoto aka buga a mujalla kan makarantar horar da matuƙa jiragen yaƙi ta sojan ruwa a Miramar, sai Bruckheimer da Simpson suka mallaki haƙƙinsa, suka nemo marubuta, suka ɗauko darakta Tony Scott wanda shi ma daga harkar talla ya fito, sannan suka shawo kan rundunar ta ba su damar amfani da jiragenta. Jarin furodusa a can shi ne ido mai gane labari, da amincin da zai sa kamfani ya damƙa masa miliyoyin daloli.

Bayan rasuwar Simpson a 1996 ya ci gaba shi kaɗai, ya kuma yi fice a talabijin da CSI, shirin wasan kwaikwayo na binciken laifuka da aka fara a 2000, wanda tashar ABC ta ƙi karɓa, CBS ta ɗauka, aka yi ta nuna shi har 2015. Sai dai ka lura cewa Anthony Zuiker ne ya ƙirƙiri shirin, domin a talabijin marubuta ne ke jan ragamar aikin yau da kullum, sunan Bruckheimer kuwa shi ya buɗe musu ƙofar tashar.